Injiniyan Bincike A Nijeriya: Karatunsa, Wurin Aikinsa Da Abin Da Yake Samu

Daga Wakilinmu na Sashen Tattalin Arziki

LEGAS — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayo injin casar shinkafa ko na matsar man gyaɗa daga ƙasashen waje ya san ranar da ciwon kansa ke farawa. Ita ce ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikin injin, aiki ya tsaya, ma'aikata suka zauna ana biyansu, shi kuwa yana jiran kayan gyara daga Sin ko Indiya da kuɗin da sai ya nemi dala kafin ya biya. A watan Mayun 2023 ana sayar da dala a hukumance kan kimanin Naira 460, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Ma'ana injin da kuɗinsa dala 10,000 ne ya tashi daga Naira miliyan 4.6 zuwa Naira miliyan 15, ba tare da an ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba.

Akwai wani rukunin ma'aikata da aikinsu shi ne rage wa masana'antu irin wannan hasara, wato injiniyoyin bincike da ƙere-ƙere. Aikinsu ya bambanta da na injiniyan da ke kula da inji don kada ya tsaya, ko mai sa ido kan ginin gada. Su ne ke zama su zana sabon inji ko su gyara zanen tsoho, su ƙera samfuri, su gwada shi har ya lalace don a gane inda rauninsa yake, sa'an nan su fitar da lissafin abin da za a kashe idan za a ƙera dubu irinsa. Su ne kuma ke binciko yadda za a maye gurbin ɗanyen kayan da ake shigowa da su da na gida. Tambayar da ta shafi masu jari da iyaye ita ce: nawa ake kashewa kafin a samar da irin wannan ma'aikaci, wa ke ɗaukarsa aiki, kuma me ya sa da yawa daga cikinsu ke barin fagen ko ma ƙasar baki ɗaya?

Hanyar karatu

Hanyar tana farawa tun daga sakandare, inda dole ɗalibi ya ci lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, ya kuma zauna jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB. Digirin injiniya shekara biyar ne, saɓanin shekara huɗu na yawancin fannoni. A cikin shekarun nan akwai watannin da ɗalibi zai yi a masana'anta a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro a 1973 saboda koken da masu masana'antu ke yi cewa ɗaliban da ake yayewa sun san littafi amma ba su san inji ba. Bayan digiri sai hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda alawus ɗinta ya koma Naira 77,000 a wata a 2025.

Ko bayan wannan duka, doka ba ta yarda mutum ya sa hannu a kan aiki da sunan injiniya ba sai ya yi rajista da Majalisar Kula da Aikin Injiniya ta Nijeriya, wato COREN, wadda aka kafa da Doka ta 55 ta 1970. Rajistar na buƙatar wasu shekaru na aiki a ƙarƙashin ƙwararru da kuma cin jarrabawar tantancewa. Majalisar ta kasa masu sana'ar gida huɗu: injiniya, da masanin fasaha wanda galibi ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha da babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da kuma mai sana'ar hannu. Ɗakin bincike ba ya tafiya sai da dukansu, domin zanen da injiniya ya yi a takarda sai mai walda da mai sassaƙa ƙarfe sun mai da shi abin taɓawa.

Wanda kuwa ke son yin suna a fagen bincike, da wuya digirin farko ya ishe shi. A cibiyoyin gwamnati da jami'o'i, ƙarin girma ya dogara ne ga digiri na biyu da na uku da kuma yawan maƙalun da mutum ya wallafa. Idan aka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa samun digirin dakta shekara goma sha ɗaya ne ko fiye, in ba a sami tsaiko ba. Tsaiko kuwa ana samunsa, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Makarantun ba su yi ƙaranci ba. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake koyar da aikin injiniya a Zariya. A farkon shekarun 1980 Gwamnatin Tarayya ta buɗe jami'o'in fasaha a Bauchi da Owerri da Akure da Yola da Minna, ga kuma kwalejoji irin na Kaduna da Yaba waɗanda suka girme su. Matsalar ita ce kayan aiki. Injiniyan bincike a ɗakin gwaji ake ƙera shi, kuma na'urar gwaji da dala ake sayenta, sa'an nan tana buƙatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Wani abin ƙarfafa guiwa shi ne karɓar COREN da aka yi a 2023 a matsayin mamba na wucin-gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna. Sai dai wannan takobi ne mai kaifi biyu: yana tilasta wa jami'o'i ɗaga matsayinsu, zai kuma iya sauƙaƙa wa wanda aka yaye neman aiki a waje nan gaba.

Wa ke ɗaukarsu aiki?

A ƙasashen da suka ci gaba a masana'antu, kamfanoni ne ke ɗaukar mafi yawan injiniyoyin bincike, kuma su ne ke biyan mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kai. A Nijeriya abin ya juya. Babban mai ɗaukar aikin shi ne gwamnati.

Ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ita ce Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Legas, wato FIIRO, wadda aka kafa a 1956. Ta yi suna wajen samar da hanyar sarrafa garin rogo da inji, da kamun da aka ƙara wa waken suya, da kuma burodin da aka gauraya da fulawar rogo. A Enugu akwai PRODA, wadda gwamnatin tsohuwar Jihar Gabas ta Tsakiya ta kafa bayan yaƙin basasa don cin moriyar masanan da suka yi ƙere-ƙere a lokacin yaƙin, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 1976. A 1987 aka yi dokar kafa Majalisar Binciken Ɗanyun Kaya, wato RMRDC, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya sa shigo da kaya ya yi tsada. A 1992 kuma aka kafa hukumar NASENI, wadda ke da cibiyoyi a garuruwa irin su Kano da Minna da Akure da Nnewi da Ilesa da Okene. A Zariya akwai cibiyar binciken sinadarai da ta fasahar fata, a Ilorin kuwa akwai cibiyar injinan noma.

Waɗannan wurare sun nuna cewa gwanintar akwai ta. Injiniyoyin Nijeriya da aka tura horo a Ingila su ne suka harhaɗa tauraron ɗan'adam na NigeriaSat-X wanda aka harba a 2011. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, 'yan ƙasa ne ke sarrafa ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta kai samfuri daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa bajekolin kimiyya da fasaha ya ga injinan sussuka da na busar da amfanin gona da aka ƙera guda ɗaya ko biyu, a nuna wa minista, a mayar ɗakin ajiya. Injin da aka ƙera guda ɗaya kullum ya fi wanda aka ƙera dubu goma tsada, saboda haka ɗan kasuwa na da hujjarsa idan ya zaɓi na Sin.

Wani dalili shi ne rashin tushe. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara gininsa a ƙarshen shekarun 1970, bai taɓa narka tama ya fitar da ƙarfe kamar yadda aka tsara ba. Kamfanonin harhaɗa motoci da aka kafa a shekarun 1970, irin su Peugeot a Kaduna da Steyr a Bauchi da Volkswagen a Legas, sun zo ne da zanen da aka riga aka gama a Turai, don haka ba su buƙaci ɗakin zane a nan ba. Haka yawancin manyan kamfanonin ƙasashen waje suke: bincikensu a hedikwata ake yi, reshen Nijeriya aikinsa haɗawa da sayarwa.

Duk da haka akwai wuraren aiki a ɓangaren masu zaman kansu. Kamfanonin mai da iskar gas, da na siminti, da na abinci da abin sha, da na sadarwa, suna ɗaukar injiniyoyi don inganta hanyoyin sarrafawa da tabbatar da ingancin kaya. Dokar bunƙasa sa hannun 'yan ƙasa a harkar mai ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni ba 'yan Nijeriya fifiko, kuma a 2020 hukumar da ke kula da dokar ta sanar da asusun bincike na dala miliyan 50. Matatar man Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, ta tura matasan injiniyoyi horo a ƙasashen waje kafin ta fara aiki. A Nnewi, kamfanin Innoson na harhaɗa motoci. Sai dai mafi yawan waɗannan guraben na gudanar da inji ne, na zana sabo kaɗan ne.

Batun albashi

Albashin ma'aikatan cibiyoyin binciken Gwamnatin Tarayya yana bin wani tsari ne da ake kira CONRAISS, na malaman jami'a kuma CONUASS. A irin wannan tsari mataki da shekarun aiki ne ke yanke abin da mutum zai karɓa. Wanda ya ƙera injin da ya ceci masana'anta daga asarar miliyoyi da wanda bai ƙera komai ba, in dai matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya.

A ƙarshen Afrilun 2024 gwamnati ta sanar da ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin 100 ga ma'aikatan da ke kan wasu tsare-tsaren albashi guda shida, ciki har da CONRAISS, daga ranar 1 ga Janairun shekarar. A watan Yuli kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. To amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024, wato tashin farashin shekara guda kawai ya isa ya cinye ƙarin.

Idan aka auna da dala abin ya fi muni. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke karɓar Naira 200,000 a wata a farkon 2023. A farashin hukuma na lokacin, wannan kimanin dala 435 ne. Idan ya sami ƙarin kashi 35 cikin 100, albashinsa ya zama Naira 270,000, wanda a kan Naira 1,500 dala 180 ne kacal. Wannan awo na da muhimmanci ga injiniyan bincike fiye da sauran ma'aikata, domin littattafansa da manhajar kwamfutar da yake zane da ita da kuɗin halartar taron ƙwararru duk da dala ake biya. Kuma kasuwar gwanintarsa ta duniya ce. A Amurka, alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na 2023 sun nuna matsakaicin albashin masu aikin injiniya da zanen gine-gine ya haura dala 90,000 a shekara, wato sama da dala 7,500 a wata. Gaskiya ne haraji da kuɗin haya a can na cin kaso mai yawa, amma tazarar ta yi faɗin da ko an cire su ba za ta rufu ba.

Sakamakon haka a fili yake. Wasu na tafiya karatun digiri na uku a waje, wani lokaci da kuɗin gwamnati ta hannun asusun PTDF ko TETFund, su ƙi dawowa. Wasu na komawa banki ko kamfanonin manhajar kwamfuta, inda ake iya biyan mutum da dala yana zaune a ɗakinsa a Abuja. Labarin Jelani Aliyu ya nuna abin da ƙasa ke rasawa: ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya ƙaro ilmi a Detroit, kuma a kamfanin General Motors ya zana siffar motar lantarki ta Chevrolet Volt. Sai a 2017 ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, har zuwa 2023.

A ma'aunin tattalin arziki, albashin kowane ma'aikaci na bin buƙatar da ake da ita ga abin da yake samarwa. Ƙasashen Afirka sun daɗe da alkawarta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara kan bincike, amma alƙaluman da aka tattara kan Nijeriya ba su kai rabin kashi ɗaya ba, alhali Koriya ta Kudu na kashe kusan kashi 5, Sin kuma sama da kashi 2. Inda masu saye kaɗan ne, farashi ba ya tashi. Idan gwamnati ce kusan ita kaɗai ke ɗaukar injiniyan bincike, ita ce za ta yanka masa farashi.

Darasin dawa

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da ke faruwa idan buƙata ta taso daga kasuwa. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsirarriyar sha'ir, wadda kamfanonin abin sha suka dogara da ita. Kamfanonin ba su da zaɓi illa su juya ga dawa da masara. Dawa ba ta sarrafuwa kamar sha'ir, domin garinta na buƙatar zafi mai yawa kafin ya dahu, saboda haka sai da aka sake tsarin tukwane da matatai, aka nemo irin dawar da ta dace daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, aka ɗauki masana da injiniyoyi don warware matsalar. Daga baya an janye haramcin, amma dawa ta riga ta zauna a masana'antun abin sha da na abinci, kuma har yau manoman Arewa da dillalan kasuwar Dawanau na cin moriyar wannan kasuwa.

Akwai kuma darasin Malam Mohammed Bah Abba, tsohon malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don sanyaya kayan lambu ba tare da lantarki ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta karɓu ne saboda ya yi lissafin aljihun mai saye, ya kuma yi amfani da maginan tukwane na ƙauye wajen samar da ita da yawa.

Abin da ya shafi mai jari

'Yan kasuwa na biyan kuɗin bincike ko sun sani ko ba su sani ba. Harajin ilmi da aka fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a 1993 ya kai kashi 3 a 2023. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa manyan kamfanonin wasu sassa harajin NASENI na rubu'in kashi ɗaya. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta haɗe waɗannan da wasu cikin harajin raya ƙasa guda na kashi 4 cikin 100, wanda ƙananan kamfanoni ba sa biya. Wanda ke biya na da haƙƙin zuwa cibiyoyin nan da matsalar masana'antarsa ya nemi a duba masa.

Ba kowane kamfani ne zai iya riƙe ɗakin bincike ba, amma akwai hanyoyi masu sauƙi. Masu masana'antu iri ɗaya, kamar masu casar shinkafa ko masu jima a Challawa da Sharaɗa, na iya haɗa kuɗi ta ƙungiyarsu su ba wa sashen injiniya na jami'a kwangilar warware matsala guda, da wa'adi da sharaɗin biya bayan gwaji. Ana iya haɗa injiniya da maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna don ƙera kayan gyaran da suka fi yawan karyewa, shi ya auna ƙarfen ya fitar da zane, su su ƙera. Ɗaliban SIWES ma hanya ce ta gwada ma'aikaci na wata shida kafin a ɗauke shi. Ya kamata kuma a rubuta tun farko wa zai mallaki abin da aka ƙirƙiro da kuma kason da injiniyan zai samu, domin wannan kason ne ke riƙe gwani a inda albashi ya gaza. Ofishin NOTAP, wanda asalinsa ya koma 1979, na taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajistar haƙƙin mallaka.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke sha'awar wannan fage, lissafin shi ne karatun na da tsawo, albashin gwamnati kuma ba ya mayar da kuɗin da aka kashe cikin sauri. Waɗanda suka fi samun sa'a su ne suka haɗa takardar jami'a da aikin hannu, suka iya zane da kwamfuta, suka kuma san lissafin riba da faɗuwa. Irin waɗannan, musamman a fannonin lantarki mai amfani da hasken rana da sarrafa amfanin gona da iskar gas, tsadar dala ta buɗe musu kasuwar da a da kayan waje suka toshe. Kowace kakar tumatir, kwanduna na ruɓewa a kan hanyar Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas saboda rashin sanyaya da sarrafawa, kuma 'yan kasuwa ne ke ɗaukar wannan hasara. Wanda ya lissafa abin da yake rasawa a shekara, ya gwada shi da albashin injiniya guda, shi ne zai san ko ɗaukarsa aiki ya fi masa araha.